Azumin da Ban Taka Gidan Yaya Azara Ba

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara. Tun hantsi bango yake ɗaukar zafi, in ka jingina bayanka sai ka zabura. Kuran, wato wutar lantarki, yakan ɗauke sau uku sau huɗu a wuni, bantilate ya daina ba da iska ya tsaya cak, gilas ɗin ƙanƙarar da aka tanada a firigo don buɗa-baki ya koma ruwa tun kafin la'asar. Yaran gidana sun yi ta ƙorafi, wai ba a taɓa yin azumi mai wuya irin wannan ba. Ni kuwa na san an yi. An ce sai bayan shekara talatin da uku watan azumi yake komowa lokacin da ya taɓa faɗowa, na duba na ga haka ne, don wancan da nake tunawa ina amarya na yi shi, yau ga ni da furfura. Da tunawar ce kawai ta zo mini, da da sauƙi. Amma tare ta zo da wani abu da na aikata cikin azumin na bana, wanda har yau in ya faɗo mini a rai ina cin abinci sai in ajiye loma.

Sunana Rakiya. A Dabaga aka haife ni, ƴar mai garka ce ni, wato mai noman lambu. Ina da shekara goma sha bakwai aka kawo ni Agadez, gidan Alhusaini baduku, cikin tsohon gari, wani lungu da in ka fito ka ɗaga kai hasumiyar babban masallaci ce a gabanka. Damina biyu ke nan a jere sama ba ta zubo abin kirki ba. Rijiyar babana ta ƙafe, bijimin san da yake ja mana ruwa ya kwanta bai sake tashi ba, alkama da albasa suka bushe a tsaye. A bakin gari kuwa makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun zo sun kafa bukkokin tabarma. Mutane ne masu mutunci, su ne a da suke kawo mana cuku da man shanu, sai ga su zaune sun ja rawani har ido, ba su iya kallon kowa. Fata ta cika kasuwa, amma ta mushe ce, ba ta jemuwa, kuma wa zai sayi takalmi cikinsa babu komai? Saura sati biyu a kama azumi Alhusaini ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi Arlit neman aikin ƙarfi. Ya bar mini gero da bai kai rabin buhu ba, da tsohuwarsa Inna Hajo, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Azara. Ta ba ni shekara goma sha wani abu, doguwa, baƙa, mai wushirya, in ta yi dariya har bakin lungu ana ji. Mijinta magini ne, kuma a shekarar nan ba wanda yake ɗora tubali a kan tubali. Ƴaƴanta uku, mata biyu da ƙaraminsu Sidi wanda yake goye. Tun ranar da aka kawo ni ta leƙo ta ce, "Ke ƴar ƙauye, daga yau Yaya za ki ce mini. Ba ki da kowa a garin nan, ni kuma ba ni da ƙanwa."

Da an sallame asuba take buga mini ƙofa, mu ɗauki tuluna mu nufi famfon unguwa. Ruwan siriri yake zuwa kamar zare, kuma kafin rana ta ɗaga ya ɗauke. Ranar da layi bai kai gare mu ba sai mu gangara gulbin Telwa, inda babu komai sai rairayi, mu jira a bakin ramukan da maza suka haƙa, a kwarfo mana da ƴar ƙwarya kaɗan-kaɗan. A dawowa rairayin yana cin ƙafa ta cikin takalmi. Abin da ya fi mini wuya shi ne ƙarar ruwan a cikin tulu, a kaina, dab da kunnena, ga bakina da azumi.

In mun sauke sai daka, tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Daga nan mu haɗu a zauren Yaya Azara, mu huɗu ko biyar, don bangonsa mai kauri ne, yana riƙe sanyin safiya har kusan azahar. A yayyafa wa ƙasa ruwan wanke-wanke, a baje kaba, kowa ta kama saƙar tabarmarta. Hannu yana aiki baki yana aiki. Wa ta haihu, mijin wa ya aiko da saƙo, wa ba a gani a famfo ba. In mace ta kwana biyu ba ta fito ɗiban ruwa ba, kafin azahar wata ta yafa mayafi ta je ta gano.

Bayan azahar gari yakan mutu. Iska ta riƙa busowa kamar daga bakin maƙera. Sai in jiƙa zane in lulluɓa wa Inna Hajo, in jiƙa wani in rufa, kafin ka gama tasbihi ya bushe ƙamas. Harshe ya yi kaushi, miyau ya ƙi haɗiyuwa, ƙadangaru ma su laɓe a gindin randa baki buɗe. Na sha roƙon Inna ta ajiye azumin, Allah ya ɗauke wa irinta, sai ta ce ta ga wanda ya fi wannan ba ta sha ba. Da la'asar a hura wuta, da kashin raƙumi da ƙwallon goruba, don itace ya zama sai wane da wane. A kwanakin farko akwai fura da ɗan cuku da dabino a ciki, da ruwan salka mai sanyi da ƙanshin fata. In ladan ya ɗaga murya daga hasumiya ka kai ƙwarya baki, kana jin ruwan nan yana bin jikinka har yatsun ƙafa.

An raba jar dawa ta taimako sau ɗaya, muka samu tiya biyu. Tuwonta ba ya kamuwa, ga warin rumbun da ya daɗe a rufe, amma mun cinye ta tas. Ranar sha biyu ga wata na zazzage buhun gero a faifai, abin da ya fito bai cika tafin hannu biyu ba.

Na gaya wa Inna Hajo. Ta ce, "Asirin gida ba ya tsallake dokin ƙofa. Ɗana bai gudu ba, nema ya tafi. Kar in ji a bakin mata."

Ni ma ba na son a ji. Amarya ce ni, ina jin kunyar a ce mijina ya bar ni da yunwa. Kwana biyu muna buɗa baki da ruwa da dabino bibbiyu, da garin goruba da nake jiƙawa. Da la'asar nakan hura wuta in ɗora ruwa zalla, don a ga hayaƙi ya tashi daga gidanmu. Na ci gaba da zuwa famfo, na ci gaba da saƙa, ana dariya ina yi.

Al'adar Yaya Azara ce in mun dawo daga ruwa ta shigo ta durƙusa ta gaida Inna. A rana ta uku ta shigo kamar kullum.

"Inna, an tashi lafiya? Ya ƙishirwa?"

"Lafiya lau, Azara. Ƙishirwa da godiya."

"Rakiya, ba dai wata damuwa?"

"Babu komai, Yaya."

Maimakon ta tashi sai ta gyara zama, ta kwanto Sidi ta ba shi nono, tana ta ba Inna labarin wata akuya da ta shiga masallaci. Bakinta yana labari, idonta yana yawo. Na ga ya sauka kan ƙoren fura da suke kife, a bushe, ko ƙuda babu a kansu. Da za ta fita ta dafa turminmu kamar mai gyara takalmi, ta shafa cikinsa da yatsa. Ta kama haɓata ta ce wai kwallina ya zazzago, ta kalli cikin idona, ta sake ni ta fita.

Ba a jima ba sai ga ta da ƙwaryar gero a ka, tana faɗa tun daga zaure.

"Wannan shegen zafi ya tsaga mini turmi gida biyu! Inna, sai dai ku yi haƙuri da ni, a nan zan riƙa daka. Kuma ni na rasa wane irin hauka ne muke yi, katanga ɗaya a tsakani muna hura wuta biyu, itace yana wuya. Daga yau tukunya ɗaya. Rakiya tana da ƙarfin daka, ni ina da na surutu."

Inna Hajo ta kalle ta, ta kalli ƙasa. "To, in dai turmi ne, maƙwabci ba ya hana maƙwabci turmi."

Ba wai suna da shi ba ne. Bakuna biyar geronsu yake ciyarwa, muka zama bakwai. Fura ta yi ta tsinkewa har kana iya ganin fuskarka a ciki. Yaya Azara ce take rabo, kuma kullum nata sai ta ce ta ajiye sai bayan isha'i. Na taɓa leƙa ƙwaryar da take cewa ta ajiye, na ga abin da yake ciki bai fi kurɓi uku ba. Nononta ya ja baya, Sidi ya riƙa kuka siriri kamar ɗan mage, wuyansa ya yi tsawo. Muka ƙara ƙaimi a saƙa har kaba ta tsattsaga mana yatsu, duk tabarmar da ta kammalu mijinta ya kai kasuwa ya juyo da abin da ya samu. Haka muka ja har aka ga wata. Sallar nan ba wanda ya ɗinka sabo, wanki muka yi muka sa turare.

Kwana goma bayan salla wani direba ya yi sallama da rabin buhun gero, da saƙon baki daga Alhusaini cewa yana lafiya, ya samu aiki. A ranar na shiga ɗakin Yaya Azara aron rariya, na ga turminta a bayan ƙofa an rufe shi da tsohuwar tabarma. Na ɗaga. Lafiyarsa lau, ko tsagin gashi babu. Na mayar da tabarmar yadda na same ta. Ban taɓa yi mata maganar ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba.

Ruwa bai zo ba sai wajen wata guda bayan salla. Da yamma ne hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsun Abzin. Ƙanshin ne ya fara isowa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, har Inna ta ce a jawo ta bakin ƙofa. Sai iska, sai ɗigo manya-manya masu faɗuwa da ƙara, sai sama ta buɗe. Ɗakinmu ya yi yoyo wuri huɗu, muna tara ƙore muna dariya. Da safe aka yi ta ihu a lungu, "Telwa ta kawo! Telwa ta kawo!" Gari duka ya fita a guje. Inda muke jiran ƴar ƙwarya a rami, sai ga ruwa ja wur daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tafe da kututture da kumfa. Yaya Azara ta tattare zane ta shiga har gwiwa, Sidi da bai taɓa ganin ruwa yana tafiya ba ya ƙanƙame ta yana tsala ihu. Muka ɗebo wa Inna a ƙwarya, da lakarsa da komai, ta wanke fuska da shi tana hamdala.

Shekaru suka shuɗe. Allah ya buɗa wa Alhusaini, ya koma sana'arsa har ya buɗe butiki, wato shago, muka gina gidan siminti a sabuwar unguwa, da famfonmu a tsakar gida. Inna Hajo ta rasu, mijin Yaya Azara ya rasu, ƴaƴanta mata suka yi aure, ɗaya Ingall ɗaya Tawa. Sidi ya zama makanike, yana can Dirkou yana gyaran motocin sahara, sai ya yi wata da watanni bai leƙo ba. Ita kuwa tana nan a gidanta na lungu, ta ce daga nan sai kabari. Da farko duk Juma'a nake zuwa. Sannan ya koma wata-wata. Sannan sai in an yi suna ko rasuwa.

Ana nan ƴata Mariyama, wadda take aure a Yamai, ta kawo mini salula, wayar hannu, ta koya mini bokal, wato saƙon murya. Ka danna, ka yi maganarka, ka saki, ta tafi. Ni da Yaya Azara ba wadda ta shiga lakwal ta koyi karatun boko, don haka abin ya zo mana daidai, ita ma Sidi ya saya mata. Ba zan yi wa salula butulci ba. Da ita nake jin muryar ƴan'uwana na Dabaga duk lokacin da na so, abin da a da sai an jira mai zuwa kasuwa. Aka buɗe mana gurup na matan tsohon lungunmu, duk inda aure ko ƙaura ta kai kowa. Kowace safiya kuma, kafin in gama lazimi, bokal ɗin Yaya Azara ya shigo.

"Rakiya, kin tashi lafiya? Ya maigidan, ya gwiwar taki? Ni lafiya lau, sai godiyar Allah."

In mayar mata, wani lokaci mu yi ta yi har sau goma a wuni. A raina gani nake ba mu taɓa kusa kamar yanzu ba. Rabona da gidanta kuwa tun Sallar Layya, da na kai mata nama, kuma ko a ranar a zaure na tsaya don mai kabu-kabu yana jirana. Wata tara ke nan. Tafiyar ba ta fi minti goma a kan babur ba. Kullum akwai dalili, yau zafi, gobe baƙi, jibi gwiwa. Har wa'azin zumunci nake turawa cikin gurup, mata suna sa mini albarka.

Ranar sha bakwai ga azumin bana Mariyama ta haihu, ta turo hoton jaririya. Cikin ɗoki na ce bari Yaya Azara ta fara gani, na yi mata bokal cewa ga hoton jaririyar Mariyama nan tafe. Ashe yatsana ya zame, hoton da yake kusa da shi na tura, na ragon sunan da Alhusaini ya saya, yana ɗaure a tsakar gida. Ban lura ba sai da bokal ɗinta ya shigo.

"Tubarkalla masha Allah! Rakiya, wannan ai Alhusaini ne ya dawo jariri. Dubi goshi, dubi hanci. Allah ya raya mana, Allah ya sa mahaddaciya ce."

Na duba na ga rago. Na yi dariya har da hawaye. Na ce zolaya ce, don ta saba tsokanar Alhusaini. Amma gaskiya wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, domin babu dariya a muryarta, kuma Yaya Azara ba ta iya riƙe dariya in tana zolaya. Na ture abin gefe. Na ɗauki hoton ragon da muryarta na tura cikin gurup. Mata suka yi ca. Wannan ta turo dariya, waccan ta turo, wata ta ce tsufa ya kama Azara a saya mata tabarau. Ni ma na danna na ƙara tawa dariyar a kai. Ita ma tana cikin gurup ɗin.

Washegari ba bokal. Na ce rezo ne ya ɗauke, saƙo ba ya wucewa. Rana ta biyu na ce ƙila kuran ne ya hana ta sarje, salularta ta mutu. Na tura gaisuwa, na ga alamar an saurara, ba amsa. Rana ta uku bayan azahar na kwanta na kasa, na tashi na yafa mayafi na tare kabu-kabu cikin ranar nan mai narka kwalta.

Lungun ya sake mini. Gidajen da na sani duk an ba da haya ga baƙi masu wucewa da samari masu zuwa haƙar zinariya, ƙofofi a rufe, ba wanda na gane. Na yi sallama sau uku a zaurenta kafin na ji an amsa. Da na shiga, abin da na fara gani igiya ce, an ɗaura ta daga ƙofar ɗaki zuwa randa, wata kuma daga randa zuwa ban-ɗaki. Murhu ya daɗe bai ga wuta ba. Tana zaune a ƙarƙashin rumfa, zanenta a bai-bai, hannun dama naɗe da tsumma. Kusa da ita faranti ne da guntun burodi, tururuwa ta rufe shi.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Yaya."

Ta yi sauri ta gyara kallabi, ta saki fuska. "A'a, Rakiya! Cikin wannan rana? Shigo mana. Kai, kin yi ƙiba abinki."

Wajen randa take kallo tana maganar, ni kuwa ina tsaye a bakin zaure. Na matso na miƙa mata hannu. Ta miƙo nata, ya wuce ta gefen nawa ya kama iska.

Na durƙusa a gabanta. "Yaya, tun yaushe?"

Ta sauke hannun a cinya.

"Tun kafin Layya. Daga gefe ya fara, kamar mai leƙe ta bakin tulu, ga ciwon kai. Ranar da kika kawo nama ma ban ga fuskarki sosai ba, zanenki na gani, shuɗi. Kina sauri. Yanzu na hagu dare ne. Na dama yana nuna mini inda ƙofa take in da rana."

Hannun kuwa, ranar biyu ga azumi ta dafa garwashi tana neman tukunya, tun daga nan ta bar wuta. Mai butikin bakin lungu ne yake miƙo mata burodi da dabino, ya sa mata salula a sarje, mai ga-ruwa ya cika randa. Daga cikin ɗaki take amsa musu, ba wanda ya gane.

"Kullum muna magana, Yaya. Kullum! Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kina tambayata lafiya, ina ce miki lafiya. To me zan ce? Irin wannan ba a faɗarsa cikin ƙarfe, Rakiya. In na faɗa, kafin la'asar ya kai Ingall ya kai Tawa, a zo a kwashe ni kamar kayan wanki a ajiye a ɗakin suruki. Na ce in kin zo za ki gani da idonki, sai mu san yadda za mu yi, ni da ke. Na yi ta jira."

Ta juyo da fuskarta daidai inda numfashina yake.

"Ashe rago ne."

"Yaya..."

"Na ji su duka. Na ji ki."

Na yi kuka a tsakar gidan nan irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Da na gaji na tashi na share gidan, na wanke mata ƙunar, na hura wuta na dama kunu. A nan na sha ruwa ranar.

Da safe ni da Alhusaini muka kai ta likita, wato asibiti, wajen mai duba ido, wani saurayi da bai fi sa'an Sidi ba. Ya daɗe yana haska mata fitila, sannan ya ja ni gefe.

"Hajiya, tansiyon ɗin ido ne, wato hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za mu iya. Na dama za mu riƙe ɗan abin da ya rage da maganin ɗigawa, safe da yamma, kar a tsallake ko sau ɗaya. Irin wannan ciwo in an zo da wuri ana tare shi. Da an kawo ta wata shida baya..." Bai ƙarasa ba. Ya ce, "Ke ƴar'uwarta ce? Nesa kike zaune?"

Na ce, "A'a. Nan cikin gari."

Ya dube ni, ya sunkuya ya ci gaba da rubutunsa.

Na yi na yi ta dawo gidana, ta ƙi. Don haka ni nake zuwa, safe da yamma, in ɗiga mata magani in yi girki. Cikin goman ƙarshe na roƙe ta gafara. Ta ce, "Rashin zuwa na yafe tun ba ki roƙa ba, kowa da hidimar gabansa. Dariyar ma na yafe, da azumi a bakina nake faɗa miki. Amma ki ba ni lokaci, har yanzu in na yi shiru ina jin ta." Ta sa na fitar da ita daga gurup ɗin. Matan da suke cikin gari na bi su gida-gida na gaya musu, wasu sun zo, wasu sun turo gaisuwa.

Saura Sidi. Ta hana a gaya masa ta salula, ta ce yana ƙarƙashin mota zai ji, wani abu ya faɗo masa. Sai na tura masa magana ɗaya, "Sidi, Inna Rakiya ce. Ka zo gida." Ya turo bokal biyar a jere yana tambaya ko lafiya. Na ce, "Tana raye, tana cin abinci, tana salla. Sauran sai ka zo."

Kwana uku bayan salla ya iso, da hantsi, bayan ya kwana biyu a hanya. Ina tsakar gida ina wanke-wanke ya shigo da jaka a kafaɗa da ɗan kwali a hannu. Sabuwar salula ce babba ya sayo mata, wai don su riƙa ganin juna in suna magana. Ya ga igiya ya tsaya. Ya bi ta da ido har randa, ya dubi uwarsa da take murmushi tana kallon gefensa, ya dube ni. A hankali ya ajiye kwalin a bayansa, ya je ya durƙusa.

"Inna."

Ta laluba ta kama kansa da hannu biyu. Ta shafa goshinsa, ta gangaro kumatu, ta tsaya. Ta taɓa ƙashin wuyansa. Yatsunta suka koma bayan kunnensa, suka bi wani dogon tabo da ya tafi har ƙeya.

"Sidi, ina naman fuskarka? Wannan kuma mene ne?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata. Ashe tun lokacin sanyi ƙarfen mota ya faɗo masa, ya yi wata guda a kwance, abokan aiki ne suke ba shi abinci a baki.

"Kullum ce mini kake yi lafiya lau."

"Ke ma haka kike ce mini, Inna."

Ba ta saki kansa ba. Ta jawo shi ta zaunar a kan tabarma, gwiwarsa tana taɓa tata.

"Zauna nan. Ka faro mini tun daga ranar da abin ya faru, kar ka tsallake komai. Rakiya, ɗan ba mu wuri."

Na ɗauraye hannuna na fito zaure na zauna. Ina jiyo muryoyinsu ƙasa-ƙasa, nasa ya yi tsawo, nata ya katse shi da tambaya, har aka kira azahar ba su gama ba.